Tabon Da Na Goge

Daura,
4 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga ƙanwata Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Suhaibu da ɗan jaririnmu mai sunan Baba. Yaya Damagaram, yaya goyo, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Na san za ki yi dariya ki ce ga waya, me ya kawo takarda. To, wayarki rabin mako a kashe take saboda wutar da ba ku samu, in kuma ta shiga, kafin in gama tambayar lafiyar mutanen gida layi ya yanke. Jibril direba kuwa, a rufe bodar Kongolam ko a buɗe, bai taɓa rasa hanyar da zai kai kayansa ba. Shi zai kawo miki wannan, shi kuma za ki ba amsa in kin ga dama.

Inna ta fita takaba ranar Laraba. An yi 'yar sadaka a gida Sandamu, maƙwabta sun shigo, an yi wa Baba addu'a. An tambaye ki, na ce boda ce ta tsare ki ga kuma ɗanyen goyo, kowa ya yi miki uzuri. Matata Ikilima ta koma can da yara za ta zauna da Inna na ɗan lokaci, ni kuma ina zuwa a babur duk bayan kwana biyu.

Dalilin zaman Ikilima shi ne idon Inna. Ranar Alhamis na kai ta Katsina wajen likita. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama akwai saura, amma ganin ya tsuke, sai abin da ke gabanta daidai take gani, kamar mai leƙe ta hujin ƙofa. Ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce ba warkarwa zai yi ba, jinkirtawa ce kawai, kuma kada a yi fashi ko na rana ɗaya. Na tambaye shi wata nawa ya rage, ya ce wannan sai Allah. Ban ɓoye mata ba, don kin san Inna, da ta ji muryata ta canza za ta gane.

A hanyar dawowa, mun wuce Mashi kaɗan, sai ta ce tana son in yi mata wani abu. Tana son hoton Malam, wato Baba, babba, wanda za ta riƙa dubawa tun da sauran gani. Ta faɗa ne tana kallon taga, da irin muryar da take cewa a sayo mata gishiri. Ta ce shekara arba'in da biyu suna tare ba ta taɓa ajiye hotonsa ba, don ba ta ga dalili ba, mutum yana shiga yana fita a gabanta kullum.

Kin san Baba da hoto. Duk bikin da ya hango na ɗaga kyamara sai ya tuna yana da alwala. Ya sha cewa shi aikinsa duba haƙoran shanu ne, ba ya son a duba nasa. Amma sau ɗaya ya zauna mini. Shekara biyu da suka wuce ƙungiyarsu ta masu fataucin dabbobi ta ce kowa ya kawo fasfo biyu a yi masa katin shaida. Ya shigo shago da kashin shanu a takalminsa, ya zauna gaban farin labule, bai yi minti uku ba ya miƙe. Hoton yana nan a kwamfuta, haske ya zauna, ido a buɗe, babu abin da za a kushe. Zan kai Kano a wanke shi babba, in sa shi a gilashi mai bakin ruwan zinare, in kai mata.

Kin ga amfanin sana'a ke nan. Ke da na ba ki tsohuwar kyamarata don ta ishe ni a shago, kika bi gari kina ɗaukar kaji da tukwane da ƙafafun mutane, yau ga ranar da ake neman hoto na gaske, wa aka nema? Har yanzu ban manta ba, na ce ki riƙa shiga mini wajen mata ranar kamu da wuni, inda ni ba na iya shiga, mu yi aikin tare ki samu na kanki. Kika ce in an biya ki dole ki ɗauki abin da mai kuɗi yake so, ke kuwa abin da idonki yake so kike ɗauka. In na tuna har yau sai in ji haushi. Abin da idonki yake so bai taɓa saya wa kowa sabulu ba, ni kuwa da wannan aikin na yi aure, na yi rufin kwano a ɗakin Inna.

Ranar Asabar ina da biki a Baure. Amaryar baƙa ce kyakkyawa, amma uwarta ta riga ta ja ni gefe ta ce a ɗan haska ta. Zan haska ta, aikina ke nan.

Ki shafa mini kan yaro, ki gaida Malam Suhaibu da kyau. Allah ya jiƙan Baba, ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Maharazu.


Daura,
18 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da maigida da yaro. Jibril ya kawo kilishin da kika aiko, an raba, Inna ta sa albarka. Ya ce yaron ya yi ƙiba har da wuya biyu. Allah ya raya shi.

Ban san ta inda zan fara ba, don haka bari in faɗa yadda ya faru.

Hoton ya dawo daga Kano ranar Alhamis. Ranar Juma'a bayan masallaci na ɗaure shi a bayan babur na kai Sandamu. Na tarar da Inna a kan tabarma bakin ƙofar ɗakinta. Ta goge hannunta da zane kafin ta karɓa. Ni ina durƙushe, kaina a ƙasa, ina jiran a sa mini albarka, ban ma ga inda yatsanta yake bi a kan gilashin ba.

Da ta gama sai ta kifa shi a cinyarta. Ta ce ashe abin ya zo da wuri fiye da yadda likita ya faɗa. Ta ce tana ganin hula, tana ganin riga, tana ganin mutum a zaune, amma ba ta ga Malam ba, ko tabon nan na girarsa ba ta iya gani. Ta yi hamdala, ta ce Allah ne ya ba ta idon, ya kuma karɓi abinsa. Ta gode mini da wahalar da na yi, ta ce a rataye shi ko don jikoki. Hawaye ya zubo mata ta share da bakin mayafi, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Firdausi, ba idonta ba ne. Babu tabon a hoton. Ni na goge shi.

Ranar da Baba ya zauna mini, yana fita na ɗora hoton a kwamfuta na yi masa abin da nake yi wa kowa. Na share tabon, na sassauta layukan goshi, na rage baƙin da ranar kasuwa ta yi masa, na wanke jan idon, na daidaita gemu, har hular da ya tura baya na jawo ta gaba. Bai kai minti goma ba. Ban zauna na yi shawara ba, hannuna ne ya saba. Duk wanda ya shigo shagona so yake ya fita ya fi yadda ya shigo, in ban yi masa haka ba gobe shagon gaba zai je. Da Baba ya dawo karɓa ya daɗe yana duba fasfon, ya tambaye ni wannan Alhajin ɗan gidan wane ne, ya yi dariya ya sa a aljihu. Ni a lokacin yabo na ɗauka.

Za ki ce in koma wa na asalin. Babu shi. Na ajiye gyararren a kansa, katin kyamara kuwa duk Juma'a nake goge shi tas don aikin ƙarshen mako ya samu wuri. Haka duk mai wannan sana'a yake yi, ba wanda zai tara fuskokin mutane dubu da ba a gyara ba. Na ɗauko katinsa na zaɓe daga cikin kayansa na gwada ƙara girman hoton da ke jiki, ya tarwatse ya zama dabbare-dabbare, ba ki bambance ido da hanci. Na bincika hotunan bikinki gaba ɗaya, wuri guda na ga gefen babbar rigarsa yana fita daga rumfa. A ranar ina can ina fama da abokan ango.

Duk wannan na san shi a lokacin da nake durƙushe gabanta. Shekara goma sha biyar ana cewa hannun Maharazu akwai kyau, ban iya buɗe baki na ce wa mahaifiyata na mayar da mijinta wani mutum daban ba. Na bar ta da zaton makanta ce, na ci tuwon da aka zubo mini na hau babur.

Abin da ya fi damuna shi ne jiya Ikilima ta gaya mini Inna ta daina yarda a ɗiga mata magani. Ta ce idon da bai gane Malam ba me kuma za a tsare a cikinsa, a daina ɓata kuɗi. Ikilima ta yi lallashi har ta gaji.

Amma kada ki tayar da hankalinki, na san abin da zan yi. Tunda ni na cire tabon, ai zan iya mayar da shi. Aikin rabin awa ne. Zan dawo da layukan goshin, in rage hasken, in sake wankewa, in ce mata na farkon ne tawada ba ta kama ba. Da ta ga tabon za ta koma wa maganinta, magana ta wuce. Abin da nake roƙonki, in kun yi waya kada ki ce mata komai.

Ki gaida mutanen gida. Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Maharazu.


Daura,
3 ga Maris, 2024.

Ƙanwata Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Suhaibu, ina fata yaro yana lafiya. Mu ma da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, Jibril yana lodi ya ce ba zai jira ni ba.

Aikin rabin awa ya ci mini kwana goma. Ranar Litinin da safe na buɗe hoton, na ɗora hannu a linzamin kwamfuta, sai na tsaya. Ban san gefen da tabon yake ba. Na rufe ido na kira fuskar Baba, na gan shi da tabo a dama, na sake rufewa na gan shi da shi a hagu. Ni da na goge shi da hannuna! Amma na goge dubunsa, na ƙuraje, na ƙuna, na kaifi, ba wanda ya zauna mini a kai. Kuma ki tuna yadda aka tashe mu, in za ka gaida Baba kanka a ƙasa yake. Takalmansa na sani, ko cikin ɗari zan fitar da su. Ina kallon fuskokin mutane tun safe har yamma, amma tasa sau ɗaya na kalla sosai, ranar ma abin gogewa nake nema.

Na tambayi Ikilima, ta ce ita suruka ina ta ga ƙarfin halin kallon fuskarsa. Na kira ki sau biyu wayarki a kashe, kuma gaskiya na ji daɗin da ba ta shiga ba. Ranar Lahadi na je kara, kasuwar shanu ta Mai'adua, na samu abokansa, na jawo zancen a hira kamar ba komai. Ɗaya ya ce dama, ya rantse. Ɗaya ya ce hagu, shi ma ya rantse. Na uku ya ce shi abin da ya sani Mainasara, wato Baba, bai taɓa sayen saniya mai tari ba. Na dawo na zaɓi dama. Tabon ma aro na yi daga fuskar wani mahauci da ya zo fasfo ban kai ga gyara shi ba. Na dasa shi a girar Baba, na ɓata lokaci a kansa har sai da ya zauna kamar da shi aka haife shi. A wajen aiki ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba.

Ranar Alhamis na kai mata, na yi ƙaryar tawadar da na shirya. Wannan karon ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ta ajiye shi a tabarma ta ce tabon Malam a hagu yake, daga wutsiyar gira ya nufi kunne, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, ya lanƙwasa kamar lauje. Daga nan ta kira sunana. Kin san ni ne ɗan fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai kai, ko wannan yaron. Ranar ta kira shi cikakke, ta tambaye ni me na yi wa fuskar mijinta.

Na gaya mata duka, har da mahaucin. Na so ta yi faɗa, ba ta yi ba. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, na tabbata ke ma ba ki sani ba. Ta ce watanta biyu a gidan, tana amarya, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle shi ba saboda kunya, muryarsa kawai ta sani da tafiyarsa. Ran nan aka kawo shi daga kara jini ya wanke masa riga, wani bijimi ya kai masa ƙaho. Uwarsa ta yi tafiya, babu kowa a gidan sai ita. Dole ta riƙe haɓarsa ta wanke ciwon da ruwan zafi, kullum safe da yamma har kwana ashirin. Ta ce a nan ta fara sanin fuskar wanda ta aura, kuma daga tabon ta fara, sauran fuskar daga baya ta biyo.

Na yi kuka a gabanta, da gemuna, Ikilima tana jin mu daga madafa.

Da na yi shiru sai ta ce to ashe idon nata bai mutu ba tunda ya kama ni, ta ce a kawo mata maganin. Ikilima ta ɗiga mata nan take. Sai dai kwana goma sha uku ke nan ba a ɗiga ba. Ranar Juma'a na mayar da ita Katsina, likita ya auna ya yi mini faɗa sosai, ya ce ganin ya ƙara tsukewa kuma abin da ya tafi ya tafi. Ban gaya masa dalili ba. Ni na san kwanakin nan goma sha uku a wuyana suke.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kin tuna shekarar da za a yi bikinki, kin bi Baba kara wata Lahadi, kika ɗauke shi bai sani ba? Kin kawo mini shago kika ce in wanke miki. Na ce rana tana bayansa, hoton ya girgiza, ga gindin saniya ya cinye rabin wuri, ba zan buga tambarin shagona a bayan wannan ba, mutane su ce ni na ɗauka. Na ce ki goge shi ki daina ɓata kati. Kika ɗauki kyamararki kika fita.

Ina roƙon Allah ya sa kin yi mini taurin kan da kika saba. In yana nan, kada ki turo ta waya, waya tana matse hoto ta kashe shi. Ki ciro katin kansa ki naɗe da kyau ki ba Jibril hannu da hannu. In kuma kin goge, ki gaya mini kai tsaye, ni na ce ki goge, ba laifinki ba ne. Ban san kwana nawa idon nan zai ƙara ba mu ba.

Na yi miki rashin kirki a kan wannan hoton da ma wasu. Ki yafe mini.

Yayanki,
Maharazu.


Daura,
24 ga Maris, 2024.

Zuwa ga Firdausi,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, yaya ibada, yaya zafi? Ina fata azumin bai wahalar da ke ba ga goyo. Ki gaida Malam Suhaibu, ki ce na gode da dabinon. Inna tana gaishe ku, Ikilima da yara ma haka.

Katin ya iso ranar biyu ga azumi, cikin kwalin ashana, cikin safar jariri, cikin leda uku. Jibril ya ce da ya ga naɗin ya zaci zinare kika ba shi. Takardarki kuwa layi biyu ce, gaisuwa da lambar hoton. Da kin yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Ban tsaya a lambar da kika ba ni ba, sai da na bi katin gaba ɗaya. Kajin suna nan, tukwanen suna nan. Akwai hannun Inna tana tankaɗe, akwai tsohuwar rijiyar gida kafin a rufe ta, akwai takalman Baba a bakin zaure. Akwai ni ma ina barci a shago baki buɗe, wannan za mu yi maganarsa in kin zo. Na daɗe a kan takalman.

Hoton kara kuwa, duk abin da na faɗa a kansa gaskiya ne. Rana tana bayansa, ya girgiza, saniyar ma tana nan ba ta matsa ba. Gefen hagu na fuskarsa duk inuwa ce. Ina buɗe shi hannuna ya tafi zai haska inuwar, ya ɗan gyara kaifin, ya yanke saniyar. Har na fara, sai na ga abin da nake yi. Na mayar da shi yadda yake, na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu kamar ɗan makaranta. Da kaina na kai shi Kano, na tsaya a kan mai wankin don kada shi ma ya taimaka mini. Ya ce Maharazu wa ya ɗauki wannan, na ce wadda ta fi ni.

Da safe na kai mata, don likita ya ce ganinta ya fi kyau kafin rana ta yi ƙarfi. Ban sa shi a gilashi ba, gilashi yana mayar da haske ya dame ta. Ni dai tabon da ake ta magana ban gan shi a takardar ba. Wannan karon ban sunkuyar da kai ba, na kalle ta.

Ba ta ma kawo shi kusa da ido ba ta yi dariya. Rabon da in ji dariyar Inna tun kafin rasuwar. Ta ce a dube shi, ya kai hannun hagu baya ya riƙe gwiwar hannun dama, haka yake yi in ya riga ya yanke zai sayi dabba amma ba ya son mai ita ya gane. Ta ce ga hular an tura ta ƙeya, sau dubu ta ce ya riƙa gyarawa. Ta kira Ikilima ta zo ta gani. Sannan ta matso da shi, ta bi fuskar a hankali, ta ɗora babban yatsanta a cikin inuwar nan, daidai wutsiyar girar hagu, ta bar shi a wurin. Muka ba ta wuri.

Da na koma shago na buɗe hoton na ƙara girman wurin da ta taɓa. Yana nan, Firdausi. Dishi-dishi, amma yana nan, a lanƙwashe yadda ta ce.

Ba ta yarda a rataye shi ba. Yana cikin jakar da take ajiye carbi, kullum da safe in an ɗiga mata magani ta jira idon ya washe sai ta ciro shi. Ba ta ƙara fashin magani ba. A bayan takardar, inda nake buga tambarin shago, na rubuta sunanki da biro da ranar da kika ɗauka. Guda biyun da na yi kuwa suna shago, na juya su suna kallon bango, ban san yadda zan yi da su ba.

Ba zan ce miki na bar halina ba. Sallah ta matso, 'yan mata za su cika shago, kowace tana son a haska ta, kuma zan haska su, da shi nake ciyar da gida. Abin da na canza ɗaya ne, na sayi ma'ajiyar hotuna ta kwamfuta, duk wanda na ɗauka ina ajiye na asalinsa a gefe ko bai tambaya ba. Wata rana wani zai zo nema.

Kin ji an buɗe boda ta ɓangarenku ma ranar Juma'a, motoci suna wucewa ta Kongolam. Na yi magana da Malam Suhaibu a waya, ya ce ba shi da matsala. Ki zo Sallah, kada ki jira ta Layya. Inna ba ta ga yaron nan ba, kuma ita ba ta faɗa ba amma kullum sai ta tambayi Ikilima wa aka ce ya ɗebo.

Ki taho da kyamarar. Na duba, ita ma Inna ba mu da hoton fuskarta, a katinki ma hannunta kawai kika ɗauka. Ranar Alhamis na je da tawa, babbar, na ce ta zauna bakin ƙofa, ta gyara mayafi ta zauna. Na ɗaga na leƙa, kafin in danna har na ƙirga abu uku da zan cire. Na sauke na ce mata batir ya mutu. Na san abin da hannuna zai yi wa fuskarta in ta shiga kwamfutata. Ke za ki ɗauke ta, yadda idonki yake so, ni zan riƙe miki yaro.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya jiƙan Baba, ya kawo ku lafiya.

Yayanki,
Maharazu.